Tsuntsaye biyu 'yan gida ɗaya: an ce ɗaya "babu damuwa", ɗaya kuma "mai rauni". Me ake nufi?

Idan masana suka ce babu damuwa a kan wani tsuntsu, lafiyarsa ƙalau ke nan? Idan kuma suka sauko da wani daga matakin matsanancin haɗari zuwa na ƙasa da shi, ya farfaɗo ke nan? Tambayar ta sake tasowa a watan Oktoban 2025, lokacin da ƙungiyar IUCN, mai riƙe da Jan Kundi, wato kundin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, ta fitar da sababbin alƙaluma a babban taronta na Abu Dhabi. Biyu daga ciki ne suka rikita mutane. Na farko ya ce kashi 61 cikin 100 na nau'o'in tsuntsayen duniya yawansu raguwa yake yi. Na biyu ya ce waɗanda ke cikin jerin masu fuskantar ƙarewa ba su kai kashi 12 cikin 100 ba.

Masu tsayawa a kanun labari sai suka rabu biyu. Wasu suka riƙe adadi na farko suna cewa tsuntsaye sun kusa ƙarewa. Wasu suka riƙe na biyu suna cewa ashe zuzutawa ce, tunda kusan tara cikin goma ba sa cikin jerin. Alhali alƙaluman biyu duk daidai suke, abin da kowanne yake aunawa ne daban. Za a fi gane haka idan aka ajiye manyan alƙaluma aka ɗauki tsuntsaye biyu 'yan uwan juna na Amurka ta Arewa, aka bi diddigin yadda kowanne ya faɗa matakin da yake kai.

Su wane ne tsuntsayen?

Dukansu ƙanana ne masu cin ƙwari, daga dangin da masana ke kira Parulidae, wanda babu shi sai a nahiyoyin Amurka. Ba sa zuwa ƙasar Hausa, don haka ba mu raɗa musu suna ba. Masu jin Turanci na ce musu yellowthroat saboda rawayan maƙogwaronsu, mutanen Meziko kuma mascarita saboda baƙin takunkumin da ya rufe idanun namijin. Mu a nan za mu kira su masu rawayan wuya.

Na farko shi ne na gama-gari, wanda sunansa na kimiyya Geothlypis trichas. Tsawonsa santimita 11 zuwa 13, nauyinsa bai cika wuce giram 10 ba. Bayansa kore ne mai duhu irin na zaitun, wuya da ƙirji rawaya, sannan namiji na da wannan baƙin takunkumi da farin zane ko toka-toka a samansa. Mace ba ta da takunkumin, launinta a dushe yake. Yana cikin tsuntsayen sabuwar duniya na farko-farko da suka shiga littattafan Turai, domin tun a 1766 masanin halittu Linnaeus ya ba shi suna, daga wani da aka samo a Maryland ta Amurka. Yana hayayyafa tun daga Kanada, ya ratsa kusan duk Amurka, har tsakiyar Meziko. Na arewa, da sanyi ya kunno kai, sai su yi kudu cin rani, wasu su tsaya a kudancin Amurka, wasu su wuce Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. An kasa shi rassa 13 bisa yankunan da suke zaune. Haɗakar masana ta Partners in Flight ta ƙiyasta yawansa da kusan miliyan 77.

Na biyu shi ne na Belding, Geothlypis beldingi. Ya ɗan ɗara ɗan'uwansa girma, yana kai santimita 14, bakinsa ma ya fi kauri. Masanin tsuntsaye Robert Ridgway ne ya bayyana shi ga kimiyya a 1882, ya sa masa sunan Lyman Belding, mutumin Kalifoniya da ya tattaro tsuntsaye a yankin. Duk duniya ba a samunsa sai a jiha ɗaya ta Meziko, wato Baja Kalifoniya ta Kudu, rabin kudu na wani siririn zirin ƙasa mai tsawon kilomita fiye da 1,200 da ya miƙe tsakanin tekun Fasifik da mashigin tekun Kalifoniya. Ba ya ƙaura. Rassansa biyu: na kudu, wajejen San José del Cabo da Todos Santos, wanda cikinsa duk rawaya ne har da zanen da ke saman takunkumin, da na arewa, wajejen San Ignacio da Mulegé da Comondú, wanda cikinsa ya fi haske, zanen ma ya fi karkata ga fari. Yawansu gaba ɗaya bai wuce 'yan dubbai ba.

Zumuncin nasu na kusa ne ƙwarai. Masana na haɗa su rukuni ɗaya da wasu biyu, na Altamira da ke arewa maso gabashin Meziko da na tsibiran Bahamas, a matsayin zuriyar kaka ɗaya da ba ta daɗe da rarrabuwa ba. Abincinsu ɗaya, ƙwari da tsutsa da gizo-gizo. Sheƙarsu iri ɗaya, ƙasa-ƙasa cikin ciyawa mai duhu. Kukansu ma ya yi kama, sai dai na Belding ya fi kauri da ƙarfi.

Inda ido ke yaudarar mai kallo

Akwai wani abu da ke dagula lissafi a ƙasa. Da hunturu, na gama-gari kan sauko zirin Baja su shiga ciyawar da na Belding ke zaune. Mai yawon buɗe ido da ya je bakin ruwan San José a watan Janairu zai iya ganin masu rawayan wuya ta ko'ina, ya koma gida yana cewa tsuntsun da ake ta yi wa kuka ga shi nan birjik. Da yawa daga abin da ya gani baƙi ne, da bazara za su tashi. Namiji da namiji ana iya rabe su, musamman a kudu inda rawayan ɗan gida ya fito sosai. A arewa, inda na Belding ya fi haske, abin ya fi wuya. Mata da 'ya'ya kuwa, ko ƙwararru sai sun natsu. Shi ya sa ƙidayar da aka fi yarda da ita ita ce ta lokacin hayayyafa, bayan baƙin sun watse.

Abin da Jan Kundi yake aunawa

An kafa IUCN a 1948, hedikwatarta na garin Gland a Suwizalan, kuma tun 1964 take fitar da wannan Jan Kundi. A ɓangaren tsuntsaye, ƙungiyar BirdLife International ce ke yi mata aikin tantancewa. Matakan suna hawa ne kamar haka: mafi ƙarancin damuwa, dab da shiga barazana, mai rauni, cikin haɗari, cikin matsanancin haɗari, ya ƙare a daji, sai ya ƙare baki ɗaya. Uku na tsakiya, daga mai rauni zuwa matsanancin haɗari, su ne ake nufi idan aka ce nau'i yana fuskantar ƙarewa.

Ba da tausayi ko farin jini ake shiga jerin ba, akwai ma'auni a rubuce. Nau'i zai shiga matakin mai rauni idan yawansa ya faɗi da kashi 30 cikin 100 a cikin shekara goma ko tsawon zuriya uku, duk wanda ya fi tsawo. Zai kuma shiga idan faɗin yankinsa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba, ko wurin da yake zaune a zahiri bai kai 2,000 ba, idan wurin a tarwatse yake kuma yana ƙanƙancewa. Haka idan manyansa masu haihuwa ba su kai 10,000 ba kuma suna raguwa. Don hawa matakin haɗari sai faɗuwar ta kai kashi 50, ko manyan su gaza 2,500 suna ci gaba da raguwa. Matsanancin haɗari kuwa faɗuwar kashi 80 ne, ko ƙasa da manya 250 masu raguwa.

Duk ma'aunan nan tambaya ɗaya suke yi: yaya kusancin wannan nau'i da ƙarewa daga doron ƙasa? Kundin kamar sashen gaggawa na asibiti yake, aikinsa ya ware wanda rai ke hannun Allah a fara da shi. Wanda aka ce ya koma benci ya jira, ba a ce masa ba shi da ciwo ba.

Da wannan ma'auni, na gama-gari yana matakin mafi ƙarancin damuwa, na Belding kuma yana matakin mai rauni.

Tsuntsun da duniyarsa ba ta wuce bakin ruwa ba

Baja Kalifoniya ta Kudu na cikin yankunan Meziko mafi ƙarancin ruwan sama. A yawancin jihar abin da ke sauka a shekara bai kai milimita 200 ba. Hamada ce ta duwatsu da ƙaya. Amma nan da can ruwan ƙarƙashin ƙasa kan ɓulɓulo ya yi dausayi, kuma an ƙirga irinsu fiye da 170 a jihar, yawancinsu ƙanana ƙwarai. A cikin dausayoyin ma, tsuntsun ba ko'ina yake zama ba. Sai inda akwai ruwan daɗi a kwance da ciyawa mai tsayi da duhu tsaye a cikinsa, gabara da kacala. Kacalar nan ita ce dai wadda masunta da manoman Haɗeja da Nguru ke kuka da ita saboda toshe hanyoyin ruwa. A Baja, ita ce gidan wannan tsuntsu da wurin kiwonsa. Idan ka zana taswirar jihar za ka ga ƙasa mai faɗi, amma idan ka haɗa ainihin guntayen ciyawar da yake rayuwa a ciki wuri ɗaya, ɗan fili ne.

Matsalar ita ce a hamada kowa bakin ruwa yake nufa. Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit da suka shigo a ƙarshen ƙarni na 17 a kan dausayoyin suka kafa majami'unsu: Mulegé a 1705, San Ignacio a 1728, San José del Cabo a 1730. Su suka kawo dabino da inabi da zaitun, suka haƙa magudanan ban-ruwa. Garuruwan yau a kan waɗannan tushen suka tashi. Kusan shekara ɗari uku mutane na yankar gabara don rufin ɗaki da shinge, dabbobi na kiwo a gefen ruwa, tsuntsun kuma yana nan. Masu binciken ƙarshen ƙarni na 19 sun same shi da yawa a kudancin zirin.

Abin da ya sauya shi ne girman buƙata. Gundumar Los Cabos, a can ƙarshen zirin, ta zama ɗaya daga manyan wuraren shaƙatawa na Meziko. A ƙidayar 1990 mutanenta ba su kai 45,000 ba. A ta 2020 sun haura 350,000, ban da miliyoyin baƙi da ke zuwa duk shekara. Otal-otal, filayen wasan golf, sababbin unguwanni, duk daga ruwan ƙasa ɗaya suke zuƙa, ruwan da ke ciyar da gulbin San José, inda kogi ke taruwa kafin ya shiga teku, wanda kuma yana cikin manyan matattarar tsuntsun. An gina tashar jiragen ruwa na shaƙatawa dab da shi. Gurɓataccen ruwan gari na kwarara ciki. Gobara kan tashi a busasshiyar ciyawa da ganyen dabino, wata bisa kuskure, wata da gangan don share wuri. Shanu da dawakai na tattake bakin ruwa. A wasu dausayoyin an janye ruwan ne kacokan aka yi gona, tsuntsun ya ɓace daga wuraren da a da aka san shi.

Sai kuma guguwa. A watan Satumban 2014 mahaukaciyar guguwar Odile ta faɗa wa Los Cabos da iska mai gudun kusan kilomita 200 a sa'a. Irin wannan kan zo da ambaliyar da ke iya kwashe ciyawar kwari guda cikin dare ɗaya. Guguwa ba baƙuwa ba ce a zirin, tsuntsun ya rayu da ita tun fil'azal, ciyawar ma tana sake tsirowa. Amma a da, idan ruwa ya share dausayi ɗaya, akwai na kusa da za a fake a ciki, daga baya a dawo. Yanzu da wuraren suka ragu, tazara ta ƙaru, kowace guguwa cizonta ya fi na da zafi.

An sauko da shi mataki biyu. Ya farfaɗo ne?

A nan ne aka fi yin kuskuren fahimta. A farkon shekarun 2000 na Belding yana matakin matsanancin haɗari, domin binciken da ake da shi a lokacin ya nuna 'yan wurare ƙalilan ne suka rage masa. Daga baya aka sauko da shi zuwa cikin haɗari, sannan zuwa mai rauni. Wanda ya ga wannan jeri zai ɗauka labarin nasara ne.

Babban dalilin saukowar shi ne an ƙara nema. Masana daga cibiyoyin bincike na La Paz, babban birnin jihar, da ƙungiyar Pronatura Noroeste, da masu kallon tsuntsaye na sa-kai, sun shiga kwaruruwan da a da ba a taka ba, suka tarar da tsuntsun a dausayoyi da yawa da ba a san yana nan ba. Tsuntsayen suna nan tun can, ba a ƙirga su ba ne. Adadin da ke takarda ya hau, ma'auni ya sauya, mataki ya sauka. IUCN da kanta tana rabe irin wannan sauyi da ke zuwa daga ƙarin sani da sauyin gaske, wanda yawan halittar ne ya ƙaru a daji. Kanun labarai ba su cika yin wannan rabewar ba.

Ba ina raina labarin ba ne. Sanin cewa nau'i yana wurare da dama ya fi a ce yana wuri uku ko huɗu, domin gobara ɗaya ba za ta gama da shi ba. Amma dalilan da suka jefa shi cikin jerin babu wanda ya gushe. Gwamnatin Meziko ma ba ta bi sahun saukowar ba: a dokarta ta kare halittu mai lamba NOM-059 ta 2010, tsuntsun yana rukunin waɗanda ke cikin haɗarin ƙarewa. Akwai kuma wata illa da masu aikin kare halittu suka sani sarai. Masu ba da tallafi sun fi buɗe aljihu ga nau'in da ke saman jeri, don haka saukowa mataki na iya rage kuɗin aiki alhali aikin yana nan yadda yake.

Asarar da ba a jin ƙararta

Mu koma ga na gama-gari. Tun 1966 ake gudanar da ƙidayar tsuntsaye masu hayayyafa a Amurka da Kanada, inda 'yan sa-kai ke bin hanyoyi ƙayyadaddu duk shekara suna rubuta abin da suka gani da wanda suka ji. Ƙidayar ta nuna cewa daga 1966 zuwa 2019 wannan tsuntsu ya ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Idan yau ana maganar miliyan 77, kashi ɗaya bisa huɗun da ya tafi ya haura miliyan 20. Wato abin da na gama-gari ya rasa ya ninka duk yawan na Belding sau dubbai.

To me ya hana shi shiga jerin? Lissafi ne. Kashi ɗaya bisa huɗu a cikin shekara hamsin da 'yan kai bai kai kashi ɗaya cikin ɗari a shekara ba. A shekara goma abin bai wuce kashi biyar ko shida ba, ma'auni kuwa kashi 30 yake nema. Yankinsa kuma nahiya ce sukutum. Ta kowace fuska ya yi nisa da ƙarewa, hukuncin daidai ne. Irinsa ne suka cika tazarar da ke tsakanin kashi 61 da kashi 12: suna raguwa, amma a hankali, kuma daga adadi mai yawa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya ƙiyasta cewa Amurka da Kanada sun rasa tsuntsaye kusan biliyan uku tun 1970, kuma mafi yawan asarar daga nau'o'in da kowa ya saba gani ne.

Dalilan raguwarsa sun fi na ɗan'uwansa tarwatsewa. Na farko dai ruwan ne. Wani rahoton hukumar kifi da namun daji ta Amurka ya nuna cewa tsakanin shekarun 1780 da 1980 jihohi 48 na ƙasar sun rasa fiye da rabin fadamunsu, jihar Kalifoniya kuma fiye da kashi 90 cikin 100. Na gama-gari ya fi na Belding sauƙin kai, yana iya zama a gefen lambatu, a ciyawar bakin gona, a saurar da ta yi duhu. Amma noman zamani na manyan injuna ba ya barin gefe, magungunan ƙwari kuma suna rage masa abinci.

Na biyu, ƙaura. Da dare yake tafiya, fitilun birane na ruɗa shi, yana karo da gilasan gine-gine da hasumiyoyin sadarwa. An ƙiyasta cewa gine-gine na kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 365 da kusan biliyan ɗaya a shekara a Amurka kaɗai, kuma masu tsintar gawarwakin da safe a birane irin Chicago sun san wannan tsuntsu sosai. Kyanwoyi ma na cin nasu rabon, tunda ƙasa-ƙasa yake rayuwa. Na uku, akwai wani tsuntsu da ake kira cowbird, wanda ba ya gina sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a ta wani ya bar masa reno. Mai rawayan wuya na cikin waɗanda ya fi yi wa haka. Wani lokaci uwar kan gane ta watsar da sheƙar, wani lokaci ta yi renon ɗan wani 'ya'yanta na ji a jika.

Kuma hukuncin "babu damuwa" na nau'in ne gaba ɗaya, bai leƙa cikin rassa ba. Reshen da ke fadamun bakin tekun San Francisco bai cika nisa da gida ba, mafi yawan fadamun nan kuma an cike su an yi gini ko an mai da su wurin yin gishiri. Jihar Kalifoniya ta sa shi cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Halin da yake ciki ya fi kama da na Belding fiye da na sauran 'yan nau'insa, amma a kundin duniya sunansa na ƙarƙashin miliyan 77. Amurkawa kuma na da tarihin da ya isa ya hana su sakankancewa da yawa: wata kurciyar daji da a ƙarni na 19 ake ƙiyasta ta da biliyoyi, ta ƙarshenta ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati a 1914.

Wa ke cewa me?

A Baja, masu kare muhalli na son a hana ƙona ciyawa, a kange dabbobi daga bakin ruwa, a ƙayyade ruwan da ake zuƙa. A takarda sun samu da yawa. Tun 1994 gwamnatin jiha ta ayyana gulbin San José a matsayin keɓaɓɓen wuri, a 2008 kuma aka shigar da shi da wasu dausayoyin jihar cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Amma bayan duk wannan gobara ba ta daina tashi ba, gine-gine ba su daina matsowa ba.

Masu otal da masu gine-gine na cewa su ne ke ba da aikin yi, kuma gaskiya ne, dubban iyalai daga wasu jihohin Meziko sun zo Los Cabos ne saboda aikin. Manoma da makiyayan dausayoyin karkara kuma na cewa kakanninsu sun yanki gabara sun yi kiwo ba tare da tsuntsun ya ƙare ba, don me yau za a ɗora musu laifi? A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi fiye da yadda ake ba ta. Yankan da ake yi sashe-sashe, a wajen lokacin ƙwai, ciyawa na mayar da shi. Ruwan da aka zuƙe daga ƙasa fiye da abin da sama ke mayarwa shi ne ba ya dawowa da wuri, kuma ba mai garken awaki ne ke zuƙarsa ba. Sai dai ƙonawa a lokacin hayayyafa, ko wa ya yi ta, sheƙa da ƙwai take cinyewa.

A Amurka gardamar ta shari'a ce. A watan Mayun 2023 Kotun Ƙoli, a ƙarar da aka sani da Sackett, ta yanke cewa dokar tsaftar ruwa ta tarayya ba ta shafi fadama ba sai in ruwanta ya haɗe kai tsaye, a sarari, da kogi ko tafki. Manoma da masu filaye sun yi murna, suna cewa an daɗe ana hana mutum taɓa ƙasarsa saboda ɗan kududdufi. Masu kare muhalli suka ce ƙananan fadamun da ke warwatse su ne aka bari ba kariya. Irin waɗannan ƙananan wurare ne gidan mai rawayan wuya, kuma tunda kundin ya ce babu damuwa a kansa, babu wata dokar nau'o'i masu haɗari da za a kafa hujja da ita don kare masa wuri. Dokar 1918 ta tsuntsaye masu ƙaura ta hana kashe shi da ɗibar ƙwansa, amma ba ta hana a busar da fadamar da yake dawowa ba bayan ya tafi.

Abin da ya shafi mutumin gari

Mazaunin unguwannin bayan gari a Los Cabos, da yawansu ma'aikatan otal ne, sun saba da famfo ya yi kwanaki bai kawo ruwa ba, sai a saya daga tanka. Ruwan da suke jira da wanda ke riƙe da kacalar gulbin San José daga rumbu ɗaya yake fitowa. Idan aka zuƙe shi fiye da kima a bakin teku, ruwan gishiri ke kutsowa ya maye gurbi, rijiya ta lalace, ciyawar ruwan daɗi ta mutu. Saboda haka ƙidayar tsuntsun duk shekara na da amfani ko ga wanda bai damu da tsuntsaye ba: inda ya daina sheƙa, a duba ruwan wurin.

Akwai kuma ɗan abin sawa a baka. Tunda babu inda za a gan shi sai nan, masu kallon tsuntsaye na biyan kuɗin jirgi da masauki don su zo su gan shi, kuma an horar da wasu 'yan gari su zama masu yi musu jagora. Kuɗin ba zai yi gogayya da na otal mai ɗaki ɗari biyar ba, amma a ƙauyen dausayi irin San Ignacio ko Comondú yana iya zama dalilin da zai sa a bar wani sashen gabara tsaye.

Maganin na Belding a iya nuna shi da yatsa: dausayoyi ƙididdigaggu, kowanne da sunansa, a tsare ruwansu, a hana wuta a lokacin ƙwai. Na gama-gari ba shi da wuri ɗaya da za a kange a ce an gama. Nasa ya rataya ne a kan abubuwa warwatse: shirin gwamnatin Amurka na 1985 da ke biyan manomi ya bar wani sashen gonarsa ya huta, dokokin birane na kashe fitilun dogayen gine-gine a makonnin ƙaura, gilashi mai zane da tsuntsu ke iya gani, da abin da kowace jiha za ta yi da ƙananan fadamunta yanzu da kotu ta janye hannun tarayya daga kansu.